Likkafanin Inna a Hanyar Kano

Na san abin da kuka taso kuna ji. Ko ba a faɗa a gabanku ba, an faɗa a bayan idonku: wai ubanku ya je Makka da likkafanin uwarsa, ya dawo ya sayar da shi a kasuwar Kano. Ke Hadiza har dambe kika yi a bakin rijiya a kan maganar nan, kika dawo gida da fasasshen tulu da kumburarren leɓe, na tambaye ki kika ce tuntuɓe kika yi. Ban ce miki komai ba, don akwai wadda na yi wa alkawarin yin shiru. Yanzu ita da duk wanda maganar za ta taɓa suna ƙasa, ni ma ƙarfina ya ƙare, saboda haka ku natsu ku ji yadda aka yi.

Likkafanin nan ba yadin kanti ba ne. Audugar daga gonar kakanku ta Maruda aka tsinko ta. Inna ce ta gurje ta da hannunta, ta kaɗa zaren kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, duk sa'ad da ta gama aikin gida. Baba ya saƙa shi a masaƙarsa ta ƙofar gidanmu a Gwandu, kuma shi ne saƙarsa ta ƙarshe kafin ya rasu. A zamanin, in mutum zai tafi hajji, tsofaffi sukan ba shi likkafaninsu ya tsoma a ruwan Zamzam, ya shanya, ya dawo musu da abinsu. Ni lokacin ina zaune a Kalgo ina fataucin shanu, Allah ya buɗa mini, na sami kujera a jirgin sama, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Da na je Gwandu sallama na tarar da Inna a kwance. Tari ya cinye ta, in ta ɗaga hannu kana iya ganin ƙasusuwan. Ta sa aka ciro ƙunshin daga cikin tukunyar da take ajiya, ta ɗora mini a cinya.

"Manu, ga shi. Ba ni son zobe, ba ni son dabino. Wanga kaɗai ni ka so ka maido mani. Kuma ka yi hanzari, don ni na gama shiri."

Yaya Garba, babban wanmu, yana tsaye a bakin ƙofa. Shi dama bai so tafiyar tawa ba, yana ganin ƙane ya riga wa. Ya ce, "In kin cika bai dawo ba hwa, Inna? Da mi za mu ruhe ki?"

Ta ce, "Ba ni cikawa sai ya dawo."

Labarin aikin hajji kun ji shi har kun gaji, ba zan maimaita ba. Na tsoma likkafanin, na tsaya a kansa a rana har ya bushe don kada ya sauya da na wani, na naɗe shi a cikin haramina, wato fararen zannuwan da muka yi aikin hajji da su, na ɗaure tam. Tun daga ranar ko masai zan shiga sai na ba amintacce riƙo.

A jirgin dawowa aka haɗa mu da waɗansu tsofaffi irin waɗanda suka tafi da ƙafa tun zamanin da, suka maƙale a can, hukuma ta tattaro su za ta mayar gida. Ɗaya daga cikinsu aka zaunar kusa da ni. Dogo ne, siriri, ba shi da komai sai buta da wata tsohuwar riga da ba a gane launinta. Bai yi magana ba, bai ci abin da aka raba ba, bai leƙa taga ba. Sai da muka sauka a filin jirgin Kano, na kama hannunsa a kan tsani don ƙafafunsa suna rawa, sannan ya dube ni.

"Ɗan nan, kai ɗan ina na?"

Harshenmu na ji a bakinsa. Na ce, "Gwandu anka haihe ni, Baba, amma Kalgo ni ke zaune."

Ya ce, "Gulbi na nan?"

Na yi dariya na ce ina gulbi zai je? Shi bai yi dariya ba. Ya ce sunansa Labbo, ɗan masunta ne a Kalgo, yana saurayi ya bi ayarin masu zuwa hajji da ƙafa, suka biyo ta Kano zuwa gabas, suna tafe suna tsayawa ƙwadago a gonakin mutane. Ya ambaci sunan ubansa da na unguwarsu. Unguwar na san ta, amma sunan ban taɓa jin mai shi ba, ko a bakin tsofaffi.

Tsakanin filin jirgi da birni akwai 'yar tafiya. In ka tsaya a bakin filin kana hango Dutsen Dala can nesa. An tanadar mana babbar mota mai bodin katako da za ta kai mu masauki, bayan ma'aikata sun gama bincike sun birkita mana kaya kamar masu neman allura. Karen mota yana ta ihu a hau, alhazai suna turereniya, kowa ya manta haƙurin da ya koyo. Na miƙa akwatina sama, na juyo in ɗaga Baba Labbo, sai ya janye hannunsa.

"Da ƙahwa munka hita garin ga, da ƙahwa za ni shiga. Tsuntsun ga ya sace mani hanya dut. Wagga 'yar da ta saura ba ni bari."

Na lallashe shi, direba ya zazzaro ido, karen mota ya ce in tsohon ya ƙi a bar shi, ai ba a kansa aka fara taurin kai ba. Abokin tafiyata, Alhaji Sani na Dalijan, ya leƙo daga sama ya ce mini, "Alhaji, hau mu tahi. Uwarka na jiranka." Gaskiya ya faɗa. Amma ta yaya zan bar mutumin garinmu a tsaye a rana, wanda a duk filin nan ni kaɗai nake jin maganarsa ba tare da na ce ya sake ba? Na ce wa Alhaji Sani ya kula mini da akwati, ni zan taka da tsohon, ma haɗu kafin la'asar. Ƙunshin Inna kuwa na ɗora shi a kaina.

Damina ce, an yi ruwa da safe, rana ta fito da zafinta. Da motar ta ɓace sai hanya ta zama tamu mu biyu. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya fi kan mutum, ba ka ganin komai sai hanyar da ke gabanka. Iska ta tsaya cik. Abin da na fara lura da shi, ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba, alhali a lokacin gero tsuntsaye ba sa barin kunne ya huta. Abu na biyu, tsohon da ya kasa sauka daga tsani ya miƙe sambal, yana tafiya har ina ƙara sauri in cim masa. Muna cikin tafiya sai na ji ya ce, "Wa alaikumus salamu." Na waiwaya, ba kowa. Ya ɗan duƙa irin gaisuwar da ake yi wa na gaba, ya ce, "Lahiya lau. Awo, mun iso." Na ce a raina rana ce ta bugi tsoho, na miƙa masa butarsa ya sha ruwa, ya ture ta. Can sai ya kama rigata ya ja ni gefe.

"Kauce, jakkai za su wuce."

Na kauce. Har yau ban san abin da ya sa na kauce ba. Muka tsaya a bakin gona, hanya fayau babu ko akuya. Ban ga komai ba, kada wani ya ƙara mini gishiri a labari bayan raina. Amma na ji warin jaki, irin na jakin da ya yi gumi a ƙarƙashin kaya, ni kuwa da na tashi a fatauci ba a ruɗe ni da wannan warin. Ganyen geron da ke wancan gefen ya riƙa motsi ɗaya bayan ɗaya, daga gaba zuwa baya, alhali na gefenmu ko kaɗawa bai yi ba. Na kama karanta duk abin da na iya, har da waɗanda na haddace rabi.

Na ce, "Baba, da wa kake magana?"

Ya ce, "Waɗanda munka hita tare. Ga Magaji, shi a bakin wani tabki munka ruhe shi. Ga Ummaru da matatai. Sun zo tarbe na. Kai ba ka san alhaji ba ya shiga gari sai an tarbe shi ba?"

Na sani mana. Mu ma a gida haka ake yi, alhaji ya sauka a bayan gari, a aika, dangi su fito su shigo da shi. Sai dai ban taɓa ganin wanda irin waɗannan suka tarba ba. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Muka ci gaba, shi yana hira yana dariya ƙasa-ƙasa, yana ba su labarin jirgi, ni ina biye da shi a baya ina kallon ƙasa, don ba na so in ɗaga kai in ga abin da yake gani.

Mun kai inda gero ya ƙare, ana hango ganuwar birni da ungulaye jere a kanta, sai ya ratse zuwa gindin wata ɗorawa ya zauna. Ƙarfin nan duk ya zube lokaci guda. Na ce masa ya daure, ga ƙofar gari can. Ya girgiza kai ya ce sun ce a nan za a sauka. Na ajiye ƙunshin, na tallafi kansa, na ɗiga masa ruwa a baki. Sai ya miƙa hannu ya dafa ƙunshin. Ban taɓa kwance shi a gabansa ba, ban kuma gaya masa abin da ke ciki ba.

"Saƙar Gwandu ta. Tun cikin jirgi ni ka jin ƙamshin audugarmu."

Na ce, "Na mahaihiyata na, Baba. Tana can kwance, shi ta ka jira."

Ya ce, "Ba ni kai gida, ɗana. Ƙasarmu ba ta ruhe ni. Ka bari abin da ta tsiro shi ruhe ni."

Na ce ga haramina, shi ma ya sha Zamzam, na ba shi duka. Ya ce harami yadin Bature ne. Na ce zan ɗauke shi a baya in kai shi birni a nemi magani. Bai ko saurara ba. Ya riƙe wuyan hannuna, riƙon da ban zaci akwai irinsa a jikin nan ba, idonsa a cikin nawa, yana ta maimaita, "Ka ce to. Ka ce to." Kun san halina, ana iya zagina wuni guda ban motsa ba, amma ban iya kallon mai roƙo. Na ce, "To." Ya saki hannuna, ya yi kalmar shahada a fili ba tare da na laƙƙana masa ba, ya miƙe ƙafafunsa.

Yana cikawa sai duniya ta dawo. Tsuntsaye suka ɓarke da kuka, iska ta taso, wata mota ta wuce ta watsa mini taɓo, ga wasu manoma sun fito daga gona da fartanya a kafaɗa suna tambayata lafiya. Suka kira limamin ƙauyensu. Na zayyana masa komai, ban da maganar jakuna. A raina ina fatan ya ce mini alkawarin da aka karɓa da matsi ba alkawari ba ne. Ya tambaye ni, "Ka amsa masa?" Na ce na amsa. Ya ce, "To, mai rai ana iya komawa a roƙe shi gafara. Wannan kuwa ba ka da inda za ka same shi." Na zauna na riƙe ƙunshin nan ina kuka kamar yaro, mutane suna zaton ubana ne ya mutu. Babu wanda ya tilasta ni. Da hannuna na kwance ɗaurin. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla, muka rufe shi a maƙabartarsu kafin la'asar.

Ni kaɗai na ƙarasa birni. Na shiga ta ƙofar gari ba wanda ya tarbe ni, kaina sakayau, ina ta kai hannu in gyara kayan da babu. Washegari na shiga kasuwa na sayi farin yadin alawayyo, na yayyafa masa Zamzam daga gwangwanin da na zo da shi, don kada in je wa Inna hannu wofi. A nan Alhaji Sani ya gan ni ina ciniki. Bai tambaye ni ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Ya riga ni isa gida, labarinsa kuma ya riga shi.

Hanyar gida ta yi mana wuya, mota tana kafewa a laka muna sauka muna turawa. Duk tsawon tafiyar abu ɗaya nake tunani: ko dai in tarar an rufe Inna, ko in tarar tana jirana in gaya mata abin da zai ƙarasa ta. Da na shiga gidanmu a Gwandu sai na gan ta zaune a tsakar gida tana ɓarar wake. Matar da na bari ba ta iya juyawa sai an juya ta! Ƙanwata Asabe ta ce mini ranar da aka ce jirginmu ya sauka, da azahar, numfashinta ya tsaya, har an juya ta ta fuskanci alƙibla mata sun fara kuka, sai ta yi atishawa ta ce a dama mata kunu. Na faɗi gaskiyar abin da ya faru da likkafanin a gaban kowa. Yaya Garba ya ɗauki alawayyon da yatsa biyu ya yar a ƙasa.

"Wane Labbo? Ɗan wa? Mu tahi Kalgo a nuna mani gidansu. Saƙar Baba ta ƙarshe ka kai kasuwa, ka zo muna da tatsuniya!"

An je Kalgo an tambaya, ba a sami wanda ya san shi ba. Ranar da na iso ɗin, sai da tsakar gida ta watse sannan Inna ta kira ni ɗakinta ta ce in saki asabari.

"Likkahwanin ya gaza mai. Gwargwadona anka saƙa shi, shi kuwa dogo na. Da mi ka ruhe ƙahwahun?"

Ban gaya wa kowa tsawonsa ba. Ban kuma gaya wa kowa cewa da muka naɗe shi ƙafafunsa sun fito waje, sai da na yage gefen haramina na ƙarasa ba. Na gaya mata. Ta gyaɗa kai.

"Na gan shi. Ina kwance, ga hanya ta buɗe mani, sai ga shi ya taho sanye da kayana, mutane na biye da shi. Ya ce in kauce. Ni kuwa na kauce." Ta dube ni. "Ka ba shi likkahwanina, Manu, ka ba shi ranata."

Sannan ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ta ce tsohuwar da ta tashi daga bakin kabari, kuma ta ga abin da aka yi a Kano tana kwance a Gwandu, sunanta ɗaya a garin nan, mayya, kuma ba wanda zai auri jikokinta. Ita kaɗai ce shaidata, ta zaɓi ta rufe bakinta ta rufe nawa, don ku. Shi ya sa na haɗiye sunan mai sayar da likkafani har gemuna ya yi fari. Yaya Garba bai sake cin abinci a akushi ɗaya da ni ba.

Na san abin da malamai suka ce, kuma na yarda: ba mai ɗaukar ajalin wani, kowa da ranarsa a rubuce. Na faɗa wa kaina haka ba adadi. Amma Inna ta daɗe. Ta daɗe har idonta ya rufe, haƙoranta suka zube, sa'o'inta suka ƙare ba mai zuwa hira. Ta ga mutuwar Asabe a wajen haihuwa. Ta ga shekarar da ƙyanda ta shiga gidan ta ɗauki jikokinta. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, in na zo daga Kalgo da kifi takan sa mini albarka. Da nata lokacin ya zo, a cikin alawayyon kasuwar nan aka rufe ta, kuma wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru kafin nan, ranar da Yaya Garba ya rasu.

Ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma kunya ba ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta aka fito da makara. Ba ta gani, amma ta bi sawun masu ɗauka da fuskarta har suka fita zaure. Na durƙusa kusa da ita in yi mata ta'aziyya. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta shafa shi a hankali, ta matso da bakinta kusa da kunnena yadda ba wanda zai ji.

"Da na tahi a ranata, wanga ma da ban gan shi ba, Manu."

Aka leƙo daga zaure aka ce ana jirana a yi salla. Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kafin na iya tashi.